Ganyen Dankali Ba Shara Ba Ne

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja ta ragu, wuraren kiwo suka ƙuntata, noman rani kuwa ya faɗaɗa. Da bazara dabba takan rame, rikicin manomi da makiyayi ya tashi, alhali ganyen dankali da ɓawonsa suna ruɓewa a bakin gona. A ganina wannan asara ce.

A Biyetnam da Yuganda ana tsima wannan ganye a ba aladu. Mu da ba ma kiwon alade mun fi su dacewa, domin alade ciki ɗaya gare shi, ba ya narkar da zare-zaren ganye sosai. Tumbin saniya da tunkiya da akuya kuwa cike yake da ƙananan halittu masu wannan aiki.

A bar ganyen ya sha iska, a yayyanka, a gauraya da dusa, a danne cikin rami, a rufe da leda kada iska ta shiga. Cikin mako 3 ƙwayoyin bakteriya za su mayar da sukarinsa tsami irin na nono, tsamin ya hana ruɓewa. Sai dai a guji dankalin da ya yi funfuna, gubarsa tana lalata huhun shanu. Kuma a fara ba dabba kaɗan-kaɗan har tumbinta ya saba.

Malamai, gonar makaranta ta isa wurin gwaji. Ɗalibi ya tsima buhu ɗaya bana, ya nuna wa mahaifinsa.