Jika goma a wata: shin kuɗin tallafi na kaiwa kwanon yaro?

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, kowa ya san watannin wahala. Hatsin bara yakan ƙare tun sabon gero bai nuna ba. A garuruwa irin su Tabotaki, maza da yawa sukan tafi cin rani Najeriya ko Libiya, su bar mata da yara da rumbu marar nauyi. A shekarun 2005 da 2010 an yi ƙarancin abinci mai tsanani a Nijar, kuma ƙananan yara ne suka fi jin jiki.

Bayan waɗannan shekaru gwamnati ta sake dabara. Maimakon a jira sai yunwa ta shigo sannan a raba hatsi, aka ce a riƙa ba gidajen talakawa kuɗi kaɗan kowane wata. A 2011 aka kafa shirin a ƙarƙashin ofishin firaminista, da kuɗin Bankin Duniya, a jihohin Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso da Tilaberi. Gidan da aka zaɓa yana karɓar jika 10, wato sefa 10,000, a wata har wata 24. A hannun mace ake danƙa kuɗin, domin ita ce ke kan tukunya. A 2019 aka shiga zango na biyu mai suna Wadata Talaka, kuɗin ya koma jika 15.

Me kuɗin suka yi?

Masu bincike sun bi sawun gidajen da suka karɓa. A ƙauyukan jihohin Tawa da Tilaberi inda aka fara gwaji, an tarar mata sun ƙara shiga adashi, dabbobin gida sun ƙaru, kuma wannan ya ɗore bayan an daina biya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gidan da ke da akuya biyu ko uku ba ya saurin jinginar da gona idan damina ta ƙi.

Amma wani bincike a jihohin Doso da Maraɗi ya nuna abin da ya kamata kowa ya tsaya a kansa. Inda aka ba da kuɗi kawai, abincin gida ya inganta, amma ba a ga sauyi a tsawon yara ko nauyinsu ba. Inda aka haɗa kuɗin da tarukan faɗakarwa, iyaye sun gyara yadda suke ciyar da yara da kula da lafiyarsu. Duk da haka awon yaran bai nuna ƙarin girma ba.

Me ya sa? Jika 10 a gidan mutum takwas ko goma ba su da yawa. Gero za a fara saye, sai biyan bashi, sai suna ko biki na dangi da ba a iya kauce masa. Ga kuma al'adar cin abinci: babban kwano na manya ne, yaro ɗan wata takwas kuwa sai kunu tsararo. Cikinsa ƙarami ne, yana bukatar ci sau da yawa a yini, da ɗan ƙuli-ƙuli ko wake ko ƙwai ko zogale a ciki. Sannan ko ya ci, gudawa da zazzaɓin cizon sauro suna kwashe abin da ya ci. Kuɗin hannu ba sa tsabtace ruwan rijiya, ba sa kawo magani asibitin da ba shi da magani. Wannan aikin hukuma ne, kuma bai kamata a ɗora wa uwa laifinsa ba.

Abin da ke hannun iyaye shi ne abin da ake faɗa a tarukan: nonon uwa zalla har wata 6, wanke hannu da sabulu, kwana cikin gidan sauro, ruwan gishiri da sukari idan yaro na gudawa, da zuwa awo da rigakafi. Maigida ya halarci taron shi ma, domin sau da yawa shi ke yanke shawarar abin da za a saya.

Bayan wata 24 fa?

Kuɗin suna da ranar ƙarewa, kuma mafi yawansu daga waje suke zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi zuwa Nijar, bai dawo ba sai a 2024. Saboda haka wadda ta samu shiga shirin ta fara ajiya tun watan farko, ko da dala ashirin ce. Hanyar ba baƙuwa ba ce: ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun fara asusu irin wannan a jihar Maraɗi tun 1991. Shirin gwamnati ma ya gwada ƙara wa wasu mata asusun haɗin gwiwa da horon sana'a, wasunsu har da jarin jika 80 a dunƙule. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cinikin waɗannan mata ya ƙaru, abincin gidajensu ya fi na waɗanda suka karɓi kuɗin wata kaɗai.