Sai-An-Tura da raƙuman dawan Kure

Ran taronmu na makon jiya, bayan mun rufe akwati, wata ƙawarmu da ta dawo daga Yamai ta dinga mita wai babbar motar da ta shiga sanyinta ya yi yawa, har mura ta kama ta. Na yi dariya har da hawaye. Suka ce lafiya? Na ce ku bar ni, wata mota na tuna. To ga labarin da na ce zan ba ku.

Kawuna, ƙanen Inna, yana da wata tsohuwar Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake ce wa bashe. Shi ne na uku ko na huɗu da ya mallake ta. Litinin da Juma'a yakan ɗebi mutanen ƙauyenmu ya kai su kasuwar Maradi, da buhunan gyaɗa, da jajayen awaki ɗaure a baya suna kuka. Mu yara muka raɗa mata suna Sai-An-Tura, don batir ɗinta ya mutu tun ban yi wayo ba. Kullum a kan gangaren bakin masallaci take kwana, an tokare tayarta da dutse. Da asuba a zare dutsen, samari su tura, ta yi tari sau biyu sau uku kamar mai shan taba, sannan ta tashi. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Tankin mai ya huje, Kawu ya liƙe da sabulu. In radiyeta ta fara yoyo, garin barkono yake zubawa a ciki, wai yana toshe hujin. Ku tambayi tsofaffin direbobi, ba ni na ƙaga ba.

Shekara biyu bayan rasuwar Shugaba Kunce, wato 1989 ke nan (lissafin nan sai da na shiga yaƙi da jahilci na iya yin shi, a lokacin ko harafi ɗaya ban sani ba), yana ta rufe wa kakarmu ido biyu. Ni ce ƴar jagorarta. Ni ke riƙe bakin sandarta in kai ta bayan gida, in kai ta gaisuwa. Babban ɗanta da ke gadi a Yamai ya aiko cewa a kawo ta, akwai likitan da ke cire yana. Inna ta kwashi adashinta, ta sayar da jar akuyarta mai ciki, ta ƙulle kuɗin a lalita ta ɗaura a ƙugu. Har yau in na ga mace ta zo neman rance don ciwon uwarta, akuyar nan nake gani.

Kaka mace ce mai labari. Ta tashi can wajen Dakoro, kuma da dare takan ba mu labarin dajin Gadabeji na ƙuruciyarta: barewa garke garke, jimina, da wata dabba wai ta fi rumbu tsawo, tana cin ganye daga kan itace ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Mu kuwa mun sa wannan a layin gizo da ƙoƙi. Nakan ce mata, “Kaka, ƙurunƙus!” Ita kuma ta ce, “Kishiya, bakinki ya hi ki girma.”

Muka tashi ƙarshen damina, gero ya fara nuna. Kaka da Inna a gaba kusa da Kawu, ni a baya tsakanin buhuna tare da yaron mota da wasu fasinja. Tafiyar da ake yi yau cikin yini guda, kilomita ɗari shida da wani abu, mu kwana biyu muka yi muna abu ɗaya. Gidan Rumji taya ta fashe. Madawa muka sha hura. Galmi Kawu ya tsaya cinikin albasa har Inna ta yi masa faɗa. Muka kwana tashar Ƙonni. Washegari Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure, kowane shingen jandarma sai an sauka an tura, don in ta tsaya ta mutu ke nan.

Rana ta kusa faɗuwa, mun hau tudun da ke gaba da Birnin Gaure, saura kaɗan mu kai Kure, sai hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Bel ɗin fanka ya tsinke. Kawu ya buɗe, ya duba, ya ce innalillahi. Yaron mota ya tari wata babbar mota ya tafi Yamai neman wani, mu kuma muka shimfiɗa tabarma gefen kwalta. Inna ba ta runtsa ba, hannunta na kan ƙugu. Damuwarta ranar da likita ya ba mu, kada ta wuce a ce sai wani wata, kuɗin kuma su tafi a ci da sha.

Da sassafe Kaka ta tashe ni in kai ta bayan kurmi. Na riƙe sanda muna tafe cikin ƴan geza da sabara. Na ɗaga kai, sai na ga itace yana tafiya. Wallahi abin da na gani ke nan. Ƙafafuna suka ƙi motsi, bakina ya ƙi buɗuwa, fitsarin da ban yi niyya ba ya zubo. Kaka ta ji sandar tana rawa.

“Ke, maciji ne?”

“A'a.”

“To mi ne ne? Hwaɗa mini.”

Na ce wani abu ne dogo, wuyansa ya wuce itace, yana kallonmu. Ta yi shiru. Sannan ta matse hannuna har na ji zafi, ta ce a hankali, “Nawa ne?” Na ƙirga, huɗu, da ƙarami ɗaya. Ta ce in tsaya cik, ba su taɓa mutum in bai matsa wa ɗan ba. Daga nan ta shiga yi mini tambaya kamar alƙali. Jikinsu fa? Na ce zane zane ne ja ja kamar ƙasar fadama in ta bushe ta tsage. Ƙafafun? Na ce farare daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta ce duba kan, akwai ƙaho biyu gajeru. Na duba, ga su kuwa, na ƙaramin har da tukkun gashi. Ta ce jira ki ga harshe. Babbar ta zaro wani harshe baƙi baƙi mai tsawon kamu, ta naɗe reshen ƙaya ta zuge ganyen tas. Ta ce in sun tashi tafiya ki lura, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya tare suke ɗagawa, kamar raƙumi. Haka kuwa aka yi. Suka juya suna rangaji, ba kuka, ba gurnani, sai ƙarar reshe.

Makauniya ce ke nuna wa mai ido abin da za ta duba. Da suka ɓace ta ce, “To kishiya, ƙurunƙus ko?” Ban iya amsawa ba. Da na dubi fuskarta na ga hawaye na bin idon nan farare.

Wani manomi Bazabarme da ya kawo mana ruwa bai ga abin murna ba ko kaɗan. Da ƴar Hausarsa ya ce waɗannan ɓarayin wake ne, in suka shiga gona dare ɗaya sun gama da ita, kuma gwamnati ta hana a taɓa su. Lokacin haushinsa na ji. Yanzu da nake noman waken kaina, na gane zafin da ke ransa.

Yaron mota bai dawo ba sai hantsi. Kafin nan Kawu ya riga ya yanke igiyar ƙofa ya ɗaura a madadin bel, ya ce ko a hankali sai ta kai mu. Muka tura, har da Inna. Muka shiga Yamai Kawu na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙofa. Mun sami likitan. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan an makara.

A hanyar dawowa Kaka ta sa Kawu ya yi alkawarin zai tsaya a wurin. Ya tsaya kuwa, inji na ruri don kada ta mutu. Muka duba gabas muka duba yamma, ba komai sai geza. Ta ce ba laifi, ai an gane mata.

Daga baya na ji a rediyo cewa a 1996 raƙuman dawan nan saura kamar hamsin kawai suka rage, kuma irinsu babu a ko'ina cikin Afirka ta Yamma sai nan Nijar. Da aka tsare su suka hayayyafa har suka wuce ɗari shida. A 2018 aka ɗauki takwas cikin manyan motoci aka mayar da su Gadabeji, dajin da Kaka ta san su, inda suka ƙare tun farin shekarun 1970. Ita ta rasu da daɗewa kafin nan, Allah Ya jiƙanta. Ni da nake nan jihar Maradi har yau ban je ba, kullum sai in ce bayan rabon kuɗi.

Sai-An-Tura kuwa tana nan bayan gidan Kawu, ba taya, ba gilashi, tumfafiya ta fito ta wajen inji. Zabin matarsa ke ƙwai a kujerar da Kaka ta zauna. Shekaranjiya autata ta nuna mini raƙumin dawa a waya, ta ce, “Mama, wai da gaske akwai wannan?” Na ce da idona na gani, guda biyar. Ta dube ni ta yi irin dariyar nan.