Gudun mota da kuɗin wuta

A Turai, inda ake huda tsauni hanya ta ratsa, gudun mota ne ke ƙayyade yawan fitilun da ake sawa a bakin ramin. Direban da ya fito daga hasken rana idonsa kan dushe da shigarsa. In gudunsa ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata takan ninka huɗu, dole a haskaka masa wuri mai nisa da rana tsaka. Saboda haka wasu hukumomi ke rage gudu don su rage wuta.

Maraɗi ba ta da irin wannan rami, amma ta san darajar lantarki. Ƴan kasuwa ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Injinan ban ruwa na Jiratawa ma lantarki suke ci.

Kan hanyar Tibiri kuwa, inda manyan motoci ke gogayya da amalanke da ƴan kabu-kabu bayan magariba, kafin magajin gari ya nemi kuɗin ƙarin fitilu, ya kamata a fara tilasta wa direbobi sassauta ƙafa. Wannan bai buƙatar ko kilowat ɗaya daga NIGELEC.