Raddi Ga Masu Cewa Maganin Kyauta Ba Ya Daraja

Duk lokacin da aka taso da maganar a daina karɓar kuɗin maganin da likita ya rubuta a asibitocin gwamnati, sai wani mai ƙoshi ya gyara zama ya jero hujjoji uku: wai abin da aka samu a bagas ba a ganin darajarsa, wai gwamnati ba ta da kuɗin, wai ko an kawo sacewa za a yi. Wani babban likita ya maimaita su a rediyo, har da ƙarin cewa talaka in ya biya ko da kaɗan ne ya fi shanye maganinsa. To, Dakta, da girmanka da karatunka, ta farkon nan ba ta da ƙafar tsayawa.

Wa ke rubuta maganin? Ana magana ne a kan wanda sai da takardar likita ake bayarwa, kuma biron ba a hannun mara lafiya yake ba. In an rubuta wa mai mura allura biyar ba gaira ba dalili, ɓarnar daga teburinku ta fito, don me za a ci tarar wanda ke kwance? Wa ya taɓa ganin mai lafiya ya yi sammakon bin layi don a tsira masa insulin, saboda kawai kyauta ne? Ai ba naman Sallah ake rabo ba.

Kuma an gwada wannan zance naku, ba sau ɗaya ba. A yammacin Kenya, Jessica Cohen da Pascaline Dupas sun raba gidan sauro ga masu juna biyu a wuraren awo, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi. Binciken, wanda ya fito a 2010, ya nuna waɗanda suka karɓa kyauta ba su gaza masu saye wajen kwana a ciki ba. Abin da kuɗin ya yi kawai shi ne ya kori fiye da rabin matan. A yankin Busia na ƙasar, Michael Kremer da Edward Miguel sun ga masu shan maganin tsutsar ciki sun faɗo daga kashi 75 cikin 100 zuwa ƙasa da 20 da aka sa ɗan farashi. Za ku ce ai wannan ba maganin likita ba ne. Madalla. A Amurka, gwajin cibiyar RAND da aka fara a shekarun 1970 ya gano cewa biyan kuɗi yana rage zuwa asibiti, gaskiya ne, amma yana rage na dole da na banza baki ɗaya, kuma talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi a rukunin da ba ya biya. Farashi bai san wa ke da larura ba, aljihu kawai yake tantancewa.

Ba sai mun je Kenya ba ma. Ka tsaya a bakin kemis da magariba ka saurara. "A ba ni na ɗari biyar." "Wanne ya fi muhimmanci a cikin ukun nan? Shi zan fara saya." Maganin kwana bakwai a sayi na kwana biyu, zazzaɓi ya lafa a bari. Mai hawan jini sai ya ji kai na sarawa yake neman ƙwaya, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Wannan shi ne darajanta maganin da kuke nufi? Rabin magani shi ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. Ku da kanku kun san haka, shi ya sa maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne, na HIV ma tun 2006 kyauta ne a Najeriya. Ban ji Dakta ya ce a sa musu kuɗi don masu sha su ƙara ganin girmansu ba.

Ra'ayin a sa mara lafiya ya biya ma ba sabo ba ne. Shi ne ruhin yarjejeniyar Bamako ta 1987, wadda ta haifar da asusun magani mai juyawa: a sayar, a sake sayowa da kuɗin. An ce za a yafe wa marasa hali, yafiyar ta tsaya a takarda. A Gana tsarin sai ka biya a duba ka ya gallabi jama'a har aka kafa inshorar lafiya a 2003. Yuganda ta soke kuɗin asibiti a 2001, talakawan da suka ƙaurace suka dawo.

Batun babu kuɗi kuwa, a Abuja aka sa hannu a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. Gwamnatin tarayyar Najeriya ko rabi da ƙyar take kusanta, yayin da sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Kuɗin ana biyan su, Dakta, mara lafiya ne dai ke biya, a ranar da ya fi kowa rashin hali, a farashin ɗai-ɗai maimakon na sari. Wales ta daina karɓar kuɗin magani a 2007, Sukotland a 2011, ba a ji sun tsiyace ba.

Nijar za ku kawo, na sani. Ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, sai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci, bashi ya taru, kantoci suka bushe. Laifin wanda bai biya bashi ba ne, ba na yaron ba.

Sata kuma? Ana satar na sayarwa ma. A ƙirga kaya, a kama ɓarawo.