Filin Wasanni: Kofin da Bai Zo Jos Ba

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai son ganin gaskiyar wannan zance sai ya zauna a majalisar dattawan Jos da la'asar sakaliya, ya bari hira ta gangaro kan tamaula. Ba za a jima ba wani zai ambaci Mighty Jets, daga nan kuwa sai shayi ya huce a kofi ba wanda ya kula.

Ita wannan ƙungiya Alhaji Isyaku Ibrahim ne ya ɗauki nauyinta, ita ce kuma ta ci gasar lig ta ƙasa a shekarar 1972, shekarar da aka soma gasar. To, amma ba wannan nasara dattawan suka fi tunawa ba. Abin da ba ya barin bakinsu shi ne wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na wannan shekara, wanda ya kuɓuce musu.

A Ikko aka yi karon, da ƙungiyar Benin wadda aka sani da suna Bendel Insurance. Mutanen Benin suka jefa biyu a raga, Jets tana nema, ga lokaci ya kusa cika. A faɗar dattawan, waɗanda suka kewaye akwatin rediyo a Jos da Bukuru har sun fara kakkaɓe riguna za su watse. Sai Sam Garba Okoye ya farke ɗaya, kafin a ankara ya ƙara ta biyu, aka tashi kunnen doki. Da aka sake karawa a Badun, Benin ta ci uku da biyu, ta yi gaba da kofi. A 1974 Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta tare mata hanya. Sai a 1999 Plateau United ta kawo kofin Jos, Sam Garba kuwa bai gani ba, domin haɗarin mota ya yi ajalinsa tun 1978.

Ba shakka labarin yana shan gishiri. Kullum aka maimaita shi sai mintocin da suka rage su ƙara raguwa, kuma in za a ƙidaya masu rantsuwa cewa da idonsu suka gani, fili uku ba zai ɗauke su ba. Samarin da suka cika gidajen kallon ƙwallo suna musu a kan Arsenal da Chelsea sukan yi dariya, su ce wace irin gwana ce wannan da ba ta taɓa ɗaga kofin ba?

Sai dai samarin ba su gane inda zancen ya dosa ba. Duba sunayen 'yan wasan: Isma'ila Mabo, Layiwola Olagbemiro, 'yan gidan Atuegbu, da shi kansa Sam Garba Okoye, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna irin garin da ya rene shi. Shekara biyu kacal ke nan da ƙare yaƙin basasa, ga Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo cikin riga iri ɗaya, gari guda yana bayansu. Ɗan wasa a lokacin ɗan unguwa ne, a gamu da shi a kasuwa, a yi masa faɗa in ya zubar da ƙwallo. Wanda ya ga abin da ya sami Jos daga rikicin 2001, yadda unguwanni suka rabu har maƙwabci ya ji tsoron maƙwabcinsa, ya san ba ƙwallo kaɗai dattawan nan suke bege ba.

Abin damuwa shi ne yawancin wannan tarihi a ka yake, masu shi kuma suna ta tafiya. Isma'ila Mabo, wanda daga baya ya kai ƙungiyar mata ta Nijeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999, ya riga mu gidan gaskiya a 2023. Ya kamata hukumar wasanni ta Jihar Filato da gidajen rediyon Jos su ɗauki rakoda su bi ragowar abokan wasansa gida gida, tun suna iya faɗin wanda ya miƙa wa Sam Garba ƙwallon nan ta biyu.