Mu ma da hannunmu a hayaniyar teku

Daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da manomin Ɗambatta da na Makoɗa ke tsakanin maimai da yankan gero, wasu baƙi kan sauka a tekun Gini, daga gaɓar Gabon har zuwa tamu: kifin wel mai doro. Dabba ce mai shaƙar iska, mai haihuwa, mai shayar da ɗanta nono. Tsawonta kan kai mita 15, nauyi kuma tan 30 ko fiye.

Ba kiwo ke kawo su ba. Abincinsu na can ƙuryar kudu, a ruwan ƙanƙara na Antatika, inda suke shafe watanni suna haɗiyar ƙananan jatan lande har su tara kitse. Ba su da haƙori, matata ce a bakinsu: su kamfaci ruwa, su tace, abinci ya zauna. A ruwan ɗumi irin namu kusan azumi suke yi, kitsen nan suke ci, su yi barbara, su haihu.

Wanda ya taɓa zuwa gayya zai gane yadda 'yan uwansu na Alaska ke kiwo. Sukan nutsa ƙarƙashin garken kifi, wani ya riƙa kewayawa yana fesa iska, kumfa ta tashi ta zama shinge. Kifayen su rikice, su dunƙule a tsakiya. Sai ɗaya ya saki wata doguwar ƙara, kamar mai gangar noma ya ba da sanda, duka su taso tare baki buɗe. In ba a ji wannan kira ba, aikin na iya watsewa.

Waƙa kuwa ta maza ce, kuma a wurin barbara ta fi yawa. Roger Payne da Scott McVay ne suka nuna a 1971 cewa tana da tsari, baiti na bin baiti, ana maimaitawa na sa'o'i. Mazan yanki guda waƙa ɗaya suke yi, kuma tana sauyawa. A ƙarshen shekarun 1990 an ga na gabashin Ostireliya sun yar da tasu kacokan, sun ɗauki ta na yamma cikin shekara biyu. Wato koyo suke yi da kunne. Can ƙasan ruwa ido ba ya nisa, ji ne komai.

To ina ruwan Bakano da wannan, shi da sai ya je madatsar Tiga ko ta Thomas ya ga ruwa mai faɗi? Da ruwansa kuwa. Kason da ke zuwa ƙananan hukumominmu daga Abuja duk wata, wanda ake biyan malamin firamare da shi, a cikinsa akwai kuɗin man da ake haƙowa a cikin teku, a filaye irin su Bonga da Agbami. Kafin a haƙa, jiragen bincike kan yi ta harba bindigar iska cikin ruwa, bayan kowace daƙiƙa goma ko makamancin haka, dare da rana, na makonni. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tekun arewacin Angola ya nuna mawaƙan na raguwa yayin da ƙarar ke ƙaruwa.

Ban ce a daina haƙar mai ba, kar a yi mini gurguwar fahimta. Amma lokacin zuwan dabbobin nan sananne ne, wata huɗu ne cikin sha biyu. Hukumar da ke ba da lasisi na iya rubuta sharaɗi: ban da harbi daga Yuli zuwa Oktoba a inda suke haihuwa, kuma a sa mai sa ido a kowane jirgi. 'Yan majalisarmu na Kano ta Arewa sun san hanyar ofishin in ana rabon kaso. Su tambaya ko akwai wannan sharaɗi a lasisin da za a bayar na gaba.