Baƙin sati biyu

 

Ran nan, bayan mun tashi karatun dare, wani ɗalibina ya tsai da ni bakin ƙofa. Magidanci ne, yana da ƴaƴa biyar. Ya sa hannu aljihu ya fiddo wata ƴar leda wadda ba komi cikinta. Ya ce: «Mushe, duba mini sunan maganin nan. Na tsohuwata ne, ya ƙare, kuma ciwon kai ya dawo mata.» Na kai ledar kusa da fitila. An zana hoton rana, an rubuta 1 kusa da shi. Ke nan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Sunan magani babu. Sunan ciwo babu. Sunan wanda ya ba da shi babu.

Na tambaye shi inda sunka samo. Ya ce wasu anasara ne sunka sauka wani gari kusa da mu, sunka yi kwana huɗu suna duba mutane kyauta. Sun auna tsohuwa, sun ce jininta ya hau, sun ba ta na wata ɗaya. Ta ji daɗinsa ƙwarai. Yanzu su suna ƙasarsu.

Shi ya sa na ce watan nan mu yi zancen baƙin nan.

Su wane ne? Kiristoci ne, mutanen majami'a. Akwai na Amurka, da Kanada, da Ingila, da Ostiraliya, da Koriya ta Kudu. Ba gwamnati ke aiko su ba, kuma ba a biyansu. Mutum yana da aikinsa a gida. In lokacin hutunsa ya zo, sai ya haɗu da ƴan'uwansa goma ko ashirin, su tara kuɗin jirgi, wani daga aljihunsa, wani majami'arsu ta taimaka mashi. Su tafi wata ƙasa sati ɗaya, ko biyu, ko uku. Na Amurka sun fi zuwa ƙasashen da ke kusa da su, kamar Meziko, da Gwatamala, da Honduras, da Haiti. Wasu kuma su ƙetaro teku su zo Afirka. Cikinsu akwai lokotoro, da masu aikin ido, da masu cirar haƙori, da ungozoma. Akwai kuma masu gini: kafinta, da mai haɗa wuta, da samari ƴan makaranta waɗanda ba su taɓa riƙa cebur ba.

Don me suke wahalar da kansu haka? Don addininsu. Sun ce Annabi Isa ya umurce su da duba mara lafiya da taimakon matalauci. Ba su ɓoye wannan ba, ni ma ba zan ɓoye maku ba. Suna addu'a kafin su fara aiki. Wasu suna wa'azi, wasu suna raba ƙananan littattafai. Mutum ya sha magani ya warke, ya tafi da addininsa. In kuwa wani ya ce maka sai ka bar sallarka zai duba ɗanka, wannan ba taimako ba ne, ka je ka gaya ma mai gari.

Amma kada mu haɗa su da ƴan mishan waɗanda sunka zauna. Ƙungiyar SIM an kafa ta a 1893, ta iso Damagaram a 1924. Ita ta buɗe asibitin Galmi a 1950, can garin albasa, tsakanin Madawa da Ƙonni. Ita ce kuma ta buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. A 2012 anka ƙara asibitin mata masu yoyon fitsari nan Danja. Mafi yawan masu zuwa neman lafiya wuraren nan Musulmi ne, har da na Najeriya. A Galmi ana koya ma lokotoro ƴan Afirka aikin fiɗa, shekara biyar. To, baƙon sati biyu in ya sauka irin wannan wuri, aikinsa ba ya ɓata. Ya yi fiɗa ya tafi, akwai mai wanke rauni, akwai mai cire zare, akwai takarda da sunanka a kai. Ruwa ne anka zuba cikin randa. Wanda ya kafa tebur ƙarƙashin bedi ya raba ƙwaya kwana huɗu ya hau mota, shi kam bisa rairayi ya zuba.

Ba na cewa ba su da amfani. Ni shaida ne. Ƙanen babana ya yi shekara uku yana ganin duniya kamar cikin hazo, saboda yanar ido. Jikansa ke ja mashi sanda. Wani mai aikin ido ya zo baƙunta wani asibiti, anka kai shi. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Washegari anka cire auduga, tsoho ya dubi jikan nan ya ce: «Ashe haka ka girma?» Ya koma gona, ya yi noma damina shida kafin Allah ya yi mashi cikawa. Wa zai ce mini wannan baƙo bai yi komi ba?

Abin da ya kamata mu gane shi ne, ciwo iri biyu ne.

Akwai wanda ake gamawa da shi zama ɗaya. Yanar ido, da gwaiwa, da ruɓaɓɓen haƙori, da tabarau ga wanda ƙananan haruffa sunka fara gagara. Irin wannan, baƙo mai gwaninta yana iya yi ya tafi. Ko shi ma da sauran aiki a baya: ido yana son maganin ɗigawa sati da sati, yana son a kiyaye shi da ƙura da hayaƙi, kuma a koma a duba.

Akwai kuma wanda yake zama da mutum. Hawan jini ba ya ƙarewa da ƙwayar wata ɗaya. Ciwon sukari haka. Farfaɗiya haka, kuma ita in anka yanke magani farat ɗaya tana iya dawowa fiye da da. Tarin fuka sai an sha magani wata shida ba fashi. Kuturta wata shida ko goma sha biyu. Macen da anka yi ma aikin yoyon fitsari za ta kwana da roba wajen sati biyu, ta yi watanni ba ta kusanci mijinta ba, kuma in ta sake samun ciki dole ta haihu asibiti. Duk waɗannan ba aikin mai wucewa ba ne. Baƙo raɓa ne. Yana iya gano ciwon, kuma mun gode. Amma wanda zai bi ka da shi shekara da shekaru, shi ne majo na ƙaramin asibitin da ke kusa da kai, wanda muke rainawa don ɗan gida ne.

Saboda haka in kun je wurinsu, kada ku tashi da leda kaɗai. Ku tafi da karne na asibiti, ko ƴar takarda. Ku ce ma tafinta a rubuta sunan ciwon, da sunan maganin, da ƙarfinsa, da Faransanci, yadda majo zai iya karantawa. Ku tambaya: maganin nan ana samunsa Maraɗi ko Tawa ko Damagaram? In ya ƙare in daina, ko in nemi wani? In rauni ya kumbura bayan tafiyarku, wurin wa zan je? Ba rashin kunya ba ne. Lokotoro na ƙwarai yana jin daɗin mai tambaya. Kuma mai gari yana da ikon ya tambaya ko hukumar lafiya ta san da zuwansu, da kuma wane ne lokotoro na gaske cikinsu. Ba duk mai farar riga ba ne ya yi karatun.

Sai masu gini. Nan kam ina da abin faɗi.

Shekarun baya wasu sun zo wani ƙauye da nake koyarwa, sunka gina ɗakin karatu da bulo na siminti. Mutanen kirki ne. Suna aiki cikin rana har fatarsu ta yi ja kamar tattasai, suna dariya, yara na biye da su. Kwana goma sha biyu sunka gama, sunka shafa fenti, anka ɗauki hoto. Magini uku muke da su garin, babu wanda anka tambaya. Ƙofa da tagogi anka sa su suna kallon gabas. Kowane yaro nan ƙasar ya san hadari daga gabas yake tasowa. Ruwan farko ya cika ɗakin. Damina ta biyu iska ta yaye kwanon, don ba a ɗaure shi da ƙarfe cikin gini ba. Muka koma ƙarƙashin zana, kamar da.

Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Muna tsaye muna kallo. Mun ga inda ƙofa ta dosa, munka yi shiru, wai kada a ce mun raina kyauta. Baƙo ko yana da ido makaho ne, kuma mu da ke da garin ba mu ja mashi sanda ba.

Cikin Kiristocin nan akwai waɗanda sunka daɗe da gane wannan. Wata ƙungiya mai suna Habitat for Humanity, wadda anka kafa a Amurka a 1976, tana gina ma talakawa gidaje a ƙasashe da yawa. Dokarta ita ce mai gidan ya yi aiki da hannunsa tare da masu taimako, kuma ya biya kaɗan kaɗan. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya fara aiki da su a 1984, ya yi shekaru da yawa yana ba da sati ɗaya kowace shekara, da guduma a hannu. Shi ne wanda cibiyarsa ta yi yaƙi da kurkunu, ciwon da anka tabbatar ya ƙare a Nijar a 2013. Ya rasu a 2024. Abin da ya burge ni ga tsarin nan, wanda ya yi gumi bisa gini ya san inda kowane ƙarfe yake. Ran da ya tsage, ba ya jiran kowa.

Rijiya mai famfo ma haka take. Ranar buɗewa kowa na guɗa. Bayan shekara ɗaya ko biyu wata ƴar roba ta cinye a ciki. In ba a koya ma kowa kwance shi ba, ba asusu, ba a san inda ake saida kayan gyara ba, sai mata su koma tsohuwar rijiya da guga. Tun ba a fara haƙa ba ya kamata a zauna: wane irin famfo ne, akwai irinsa ƙauyukan kusa, wa zai koyi gyara, nawa kowane gida zai zuba bayan kaka.

Yanzu ku ɗauko allo mu yi lissafi. Kuɗin jirgin mutum ɗaya daga Amurka zuwa Yamai da komawa ya fi jika 500. Mutum goma ke nan ya fi miliyan 5 na sefa, ban da abinci da masauki da mota. Ku tambayi kuɗin buhun siminti a kasuwarku, ku raba ku gani. A can ƙasashensu ma ana wannan gardama cikin majami'u. Wasu na cewa gara a aiko da kuɗin, a ɗauki magina na gida, su ci abinci da sana'arsu. Wasu na cewa wanda ya zo ya gani da idonsa shi ke ci gaba da taimako har tsufansa. Ni ga inda na tsaya: hannun mai fiɗar ido ba ya shiga ambulan, dole ya zo da kansa. Amma shafa fenti da kwaɓa siminti, muna da samari zaune bakin tasha waɗanda za su yi shi da murna in an biya su.

Wani abu kuma, game da yara. A 2010, bayan girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti, an kama ƴan majami'a goma daga Amurka bakin iyaka, za su fita da yara 33 ba tare da takardun hukuma ba. Sun ce marayu ne za su taimaka. Da anka bincika, da yawa cikin yaran iyayensu na da rai, talauci ne ya sa sunka miƙa su. Kowa ya ce zai tafi da ɗanka karatu ko magani, komi kyawun fuskarsa, sai da sanin sarki da hukuma, da takarda a hannunka. Hoto ma, wanda ba ya so a ɗauki matarsa ko ɗansa mara lafiya, ya ce a'a.

Kada kuma mu ɗora lissafinmu bisa cewa za su dawo baɗi. A 2016 an sace wani Ba'amurke mai aikin agaji a Abalak, sai 2023 ya samu kansa. A 2020 cutar korona ta tsai da jirage da yawa a duniya. Ko wanda ya yi alkawali da zuciya ɗaya, hanya tana iya hana shi.

Na koma ga ɗalibina. Ran kasuwa munka ɗora tsohuwa bisa amalanke munka kai ta wurin majo. Ya juya ledar nan gaba da baya, ya girgiza kai. Ya auna ta, jini ya hau ƙwarai. Ya sa ta bisa wani magani wanda ake samu cikin gari, ya ce ta rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya, ta dawo bayan sati biyu a sake aunawa. Ya rubuta komi cikin karne. Kuɗin maganin kowane wata yanzu bisa ɗanta yake, kuma ya ware tunkiya ɗaya don haka. Sunan maganin yana da haruffa goma. Daren nan ya zauna ya kwafe shi sau uku cikin littafinsa, ya yage ɗaya ya ba ƙanensa da ke zuwa Maraɗi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.